Tambayar da na binne a shafi na 31

Shekara biyar na yi a sashen bidiyo da alƙaluma na wata ƙungiyar NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, kuma takarda ɗaya tak mai ɗauke da sunana ta taɓa isa teburin mai ƙungiyar. Ita ce ta ci aikina.

Ba zan faɗi sunan ƙungiyar ba, waɗanda muka yi aiki tare sun sani. Lokacin muna cikin halin ni-'yasu. Babban kocinmu gwanin tsaron gida ne, a ɓangaren baya ya yi rayuwarsa, don haka duk wanda ya riƙe muƙamin mai tsara hari, wato kocin da ke kula da ɓangaren cin maki, shi ne sarkin rabin ginin. Muna da matashin kwatabak, wato ɗan wasan da ke jagorantar hari yana jefa ƙwallo, da aka ɗauko a zagayen farko na zaɓen 'yan wasa, ya yi kaka biyu yana shan ƙasa, 'yan kallo sun fara yi masa ihu a gida. A Baƙar Litinin, washegarin wasan ƙarshe na kaka, aka sallami mai tsara harin da ke nan. Ranar Talata janar manaja ya leƙo ofishinmu, bai ko zauna ba, ya ce min yana son rahoto kan mutanen da ake tunanin ɗauka kafin ƙarshen mako. Har ya kai ƙofa ya juyo ya ambaci suna ɗaya, ya ce in duba wannan da kyau. Na gane nufinsa sarai, kuma daga nan ɓarnar ta fara.

Duk wanda ke wannan sana'a ya san iskar da ke kaɗawa tun 2017. A shekarar ne Los Angeles Rams suka ɗauki Sean McVay a matsayin babban koci yana ɗan shekara 30, ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a cin maki a 2016 ta koma ta ɗaya a kaka guda. Daga nan kowane mai ƙungiya ya shiga farautar nasa yaron. A 2019 Cincinnati ta ɗauki Zac Taylor, Green Bay ta ɗauki Matt LaFleur, dukansu sun yi aiki a ƙarƙashinsa, har ana barkwanci cewa ko shayi ka taɓa sha da McVay za a kira ka ganawa. Mutumin da ogana ya ambata irin wannan reshen ne: matashi, mai fasaha, bakinsa da zaƙi, kuma yana riƙe da muƙamin mai tsara hari a wata ƙungiya da ke zuba maki kamar ruwan Agusta.

Kwana huɗu ban yi barcin kirki ba. Na auna abin da kowace dabara ke ƙara wa ƙungiya na damar cin maki, na auna nasara a yunƙuri na uku daga cikin huɗun da ake ba ƙungiya ta ci yadi goma, na auna abin da ake yi in an shiga yadi 20 na ƙarshe, na ƙirga sau nawa ake motsa ɗan wasa kafin a saki ƙwallo. Shafi 40 cur, da zane-zane masu launi. A kowane ma'auni matashin yana sama. A can ƙasa kuma akwai wani dattijo baƙar fata, ya doshi sittin, wanda ya taɓa riƙe wannan muƙami sau biyu a ƙungiyoyin da ba su da kwatabak na kirki. Alƙalumansa ba su da kyan gani. Na ba shi shafi ɗaya da rabi.

Abin da na sani, kuma kowa zai iya gani a talabijin kowace Lahadi, shi ne a ƙungiyar da matashin ya fito ba shi ke kiran wasa ba, wato ba shi ke zaɓar dabarar da za a yi ana cikin wasa ba. Babban kocinsu ne ke riƙe da faffaɗar takardar nan mai leda, yana rufe baki da ita yana magana da kwatabak. Wato alƙaluman da na tara na wani mutum ne daban, da 'yan wasan wani gari daban. Na sani. Na rubuta shi ma, amma a layi biyu, da ƙananan haruffa, a ƙasan shafi na 31. Na gaya wa kaina na sauke nauyi.

A ranar ganawa ni ke kula da majigi, don haka na ji komai. Matashin ya zo da nasa faifan a shirye, dabara bayan dabara daga tsohuwar ƙungiyarsa, kowacce ta fi ta baya kyau. Mai ƙungiya har gyara zama yake yi. Awa huɗu aka yi, babu wanda ya tambaye shi ko ya taɓa zaɓar dabara da bakinsa alhali agogo na gudu. Ni ma da ke da amsar a aljihu ban ce uffan ba.

Dattijon ya zo washegari da littafin rubutu ɗaya da biro. Bai kawo faifai ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, saka min wasanku na Disamba, wanda kuka yi a waje." Na saka. Ya ce in tsaya, in mayar baya, in sake tsayawa. Ya tashi ya je jikin allo ya ɗora yatsa kan ƙafafun ɗaya daga cikin 'yan layin gabanmu, wanda ke tsaye hagun mai sakin ƙwallo. Ya ce wannan bawan Allah bijimi ne, in ka ce ya tura gaba zai ture bango, in ka ce ya yi gudu a kaikaice ka zalunce shi. Sannan ya sa na nuna masa kwatabak a cikin da'irar shawara, ya ce mu kalli kansa. Yaron a sunkuye yake, yana motsa leɓe, yana maimaita abin da aka faɗa masa a kunne kamar mai tilawa. Dattijon ya ce wanda har yanzu yake hadda ba ya kallon abokan gaba. Ya ce in an ba shi aikin zai zubar da rabin kundin dabaru, kuma ba zai canza sunayen da yaran suka saba da su ba, shi zai koyi yarensu, domin ya fi sauƙi tsoho ɗaya ya koma makaranta da a mayar da mutum ashirin da biyar.

Ɗakin ya yi shiru irin na ladabi. Mutane suna duba waya a ƙarƙashin tebur. Da aka fita, na ji ogana yana gaya wa wani a baranda cewa yanzu an cika sharaɗi. Dokar Rooney yake nufi, wadda aka kafa a 2003 don tilasta wa ƙungiyoyi ganawa da 'yan tsiraru irin su baƙaƙen fata kafin su ɗauki babban koci, aka kuma faɗaɗa ta a 2020 ta haɗa da masu tsara hari da tsaro. Da koci Brian Flores ya kai ƙara a Fabrairun 2022 yana zargin cewa wasu ganawar ta jeka-na-yi-ka ce, mutane da yawa a waje sun yi mamaki. Mu masu naɗe wayar majigi ba mu yi ba. Dattijon ma ya sani. Ina naɗe waya ya dafa kafaɗata ya ce, "Na san ba ni aka saya wa kujerar ba. Amma ka gaya musu maganar yaron nan na hagu." Na ce to, Koci. Ban gaya wa kowa ba.

Aka ɗauki matashin. A nan ya kamata in yi masa adalci, domin haziƙi ne na gaske, kuma rashin kiran wasa a baya ba hukuncin kisa ba ne. Mike McDaniel ya bar San Francisco, inda Kyle Shanahan ke kira, ya je Miami a 2022 harinsa ya yi kyau. Sai dai a wannan shekarar Miami ta kawo Tyreek Hill, ta ba shi irin 'yan gudun da tsarinsa ke buƙata. Mu ba mu kawo kowa ba. Tsarin da namu ya zo da shi jikan wanda Mike Shanahan da Alex Gibbs suka gina a Denver ne, wanda Terrell Davis ya yi gudun yadi 2,008 a cikinsa a 1998. Yana son 'yan layin gaba marasa nauyi, masu zafin nama, su yi gefe guda tare kamar an ja labule. Mu kuwa bijimai muka tara, kan kwantiragin da dokar iyakance albashi ba za ta bari a rabu da su a shekara guda ba.

Sai maganar yare. A ƙwallon Amurka akwai manyan hanyoyi uku na kiran dabara. Zuriyar koci Don Coryell da lambobi suke magana. Tsarin Erhardt da Perkins yana dunƙule dabara guda cikin kalma ɗaya ko biyu. Zuriyar koci Bill Walsh kuwa jimla suke jerowa, kowane ɗan wasa da kalmarsa, wani kiran sai ya wuce kalma goma sha biyu. Kwatabak ɗinmu ya shekara biyu yana koyon gajeren, muka wayi gari muka miƙa masa dogon. Labarin kwatabak Alex Smith, wanda San Francisco ta ɗauka na farko a 2005 ta kuma canza masa mai tsara hari kowace shekara a shekarunsa biyar na farko, babu wanda bai san shi ba a ginin. Ni har bayani na taɓa gabatarwa a kansa a jami'a. Ko a shafi na 31 bai samu shiga ba.

A makon farko na Oktoba na ga abin da idona. Ina ɗakin sama na filin wasa, kujera biyu tsakanina da sabon mai tsara harin. Yunƙuri na uku, saura yadi shida. Agogon daƙiƙa 40 ya fara gudu, kuma kowa ya san rediyon da ke cikin kwalkwalin kwatabak, wanda ta nan yake jin kiran koci, yana yankewa da zarar saura 15. Yatsansa ya hau takardar kira, ya gangara, ya tsaya, ya koma sama. Saura 24. Wani ya ce masa sun sako ƙarin mai tsaron baya. Yatsan ya tsallaka wani gefen. Sai da saura 19 ya fara magana, yana tsakiyar jimla aka yanke. A ƙasa yaron ya toshe ramukan kunnen kwalkwali da tafukansa biyu, ya juyo yana kallon benci, ya ɗaga hannu ya nemi hutu. Ko zango na farko ba a gama ba. Babu wanda ya kalli wani a ɗakin. Na ga gumi ya jiƙa ledar takardar daidai inda babban yatsansa yake.

Abin da ya fi ci min rai shi ne alƙaluman da nake taƙama da su sun nuna cutar tun da wuri. Al'adar da Walsh ya yaɗa ita ce a rubuta dabarun farko na wasa tun cikin mako, wajen goma sha biyar, a yi ta maimaita su. A cikin waɗannan muna da kyau ƙwarai, sau da yawa mu muke fara cin maki. Da rubutun ya ƙare sai mu koma kamar an zare mana laka. Mutumin gwani ne daga Litinin zuwa Asabar, Lahadi ce bai taɓa yi ba, kuma mun sa shi koyonta a gaban dubban mutane da yaron da shi ma koyo yake.

Kafin ƙarshen Nuwamba an karɓe takardar kira daga hannunsa, an ajiye kwatabak a benci. Da Janairu ta zo aka kira ni ofishin mai ƙungiya, karo na farko kuma na ƙarshe. Rahotona yana kan tebur, an maƙala masa 'yan takardu masu launin ɗorawa. Ogana ya yi magana a natse, ya ce shi mutum ne mai bin hujja, kuma ga inda hujja ta kai shi. An bar jaki ana dukan taiki. Na buɗe shafi na 31 hannuna na rawa, na nuna layukan nan biyu. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce in da na ɗauke shi da muhimmanci me ya kai shi ƙasan shafi na 31?

Har yau ban yafe masa ba. Shi ya zaɓi mutumin tun kafin in buɗe kwamfuta, shi ya mayar da ganawar dattijon wasan yara, kuma shi ya tsira da kujerarsa yayin da aka sallami matashin da ni da wasu biyu a rana guda. Amma tambayar tasa daidai take, shi ya sa take min zafi. Bai taɓa ce min in ɓoye komai ba. Suna kawai ya ambata a bakin ƙofa, ni na ƙarasa sauran da hannuna.

Sauran abubuwan da na koya ba su da yawa. In oga ya ba ka umarni a tsaye, ka aika masa da imel a zaune. Ka riƙa gaida masu wankin riguna, su ke fara sanin wanda za a kora. Kada ka sayi gida a garin da kake aikin ƙwallo. Ni na saya, na sayar da asara, mahaifiyata kuma har yanzu tana tambaya ta waya wace irin ƙwallo ce wannan da ake ɗauka da hannu kuma ake korar wanda ko filin bai shiga ba.

Yanzu ina aiki da wata ƙungiyar jami'a, albashin bai kai wancan ba, rahotona kuma ba ya wuce shafi biyu. A Janairun da ya gabata na je Mobile, a jihar Alabama, makon da masu farautar 'yan wasa da kociyoyin da ke neman aiki suke cika gari. Ina zaune a kan benci ina kallon atisaye sai na hango dattijon, da irin littafin nan nasa a gwiwa. Na yi niyyar in zame, ya riga ya gan ni. Ban yi zaton zai tuna ni ba. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Yaron nan na hagu fa?" Na ce mun sallame shi, wata ƙungiya mai tura gaba kai tsaye ta ɗauke shi, kuma shi ke fara musu wasa. Ya gyaɗa kai, bai ce ai na faɗa ba. Ya yago gefen takarda ya rubuta adireshinsa, ya ce in turo masa faifan yana so ya ga ƙafafun.

A daren na tura masa.