Fita da yaran da ke karatu a gida: wuri ɗaya ya isa a rana ɗaya

Iyalan da suka zaɓi koyar da 'ya'yansu a gida, kamar yadda mu da wasu gidaje muke yi a nan Kano, suna yawan shan tambaya guda daga 'yan uwa da maƙwabta, wato yaushe yaran za su haɗu da tsararrakinsu, kuma ta yaya za su saba da mutane. Tambayar tana da tushe, domin yaron da ya wuni tsakanin ɗakin karatu da tsakar gida yana buƙatar abokan da za su yi musu da shi, su jira layi tare, su raba abinci tare. Wannan ne ya sa muka ɗauki fita ta haɗin gwiwa a matsayin wani ɓangare na karatun kansa, muke kuma shirya ta da irin kulawar da muke shirya darasin lissafi ko na Larabci.

Abin da na fi tsayawa a kansa duk lokacin da ake shawara shi ne a zaɓi wuri ɗaya kawai. Birnin Kano yana jan mutum ya haɗa abubuwa da yawa, saboda Gidan Makama da Kasuwar Kurmi da Dutsen Dala da karofin Ƙofar Mata duk ba su da nisa da juna, sai iyaye su ga kamar asara ce a ɗauki hayar bas a je wuri guda a dawo. Amma yaron da aka zagaya da shi wurare huɗu kafin azahar ba ya dawowa da komai sai gajiya da hotuna a wayar mahaifiyarsa. Wanda kuwa aka bar shi ya yi sa'a biyu a wuri ɗaya, yakan gama kallon farko, ya fara gundura, sannan daga bayan gundurar ne tambayoyi na gaske suke fitowa.

Karofin Ƙofar Mata misali ne mai kyau. Masu wurin suna danganta kafuwarsa da shekarar 1498, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma har yau ana rini a rijiyoyinsa da baba da toka da ruwa, a bar haɗin ya yi kwanaki yana tsima kafin a tsoma zane. Idan yara suka tsaya suka natsu, za su lura cewa zanen yana fitowa daga rijiya da ɗan kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya zama shuɗi a gaban idonsu, kuma yawan tsomawa da fitarwa shi ke ƙara masa duhu. Darasin kimiyya ne cikakke a kan yadda iska ke sauya sinadari, ga kuma darasin tarihi a kan fataucin da ya kai rinannen tufafin Kano har ƙasashen Buzaye. Gani ya kori ji. Sai dai ba a samun wannan idan ana kallon agogo ana cewa a yi sauri a shiga mota.

Shirin yana farawa ne tun mako guda kafin ranar. Kowane gida yakan karanta wa yaransa wani abu game da wurin, kowane yaro kuma ya rubuta tambaya ɗaya ko biyu da zai yi da bakinsa. Ina ba wannan muhimmanci ƙwarai, domin babbar ribar fitar ita ce yaro ya tsaya gaban dattijon da bai sani ba, ya rusuna ya ce, "Baba, sannu da aiki," sannan ya yi tambayarsa ba tare da uwa ko uba sun ari bakinsa sun ci masa albasa ba. Mutum ɗaya daga cikin iyaye yakan riga zuwa ya gaisa da masu wurin, ya faɗi adadin yaran da shekarunsu, ya nemi izinin ɗaukar hoto. Masu sana'a kuma lokacinsu ne abincinsu, saboda haka wajibi ne a tanadi alherin da za a yi musu, ko a sayi wani abu daga kayansu.

A Gidan Makama tsarin ya ɗan bambanta, tunda gidan tarihi ne da ke ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, kuma ya fi kyau a sanar da su tun da wuri domin a samu ma'aikacin da zai zagaya da yaran. Ginin yana da alaƙa da Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma a ciki yara za su ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari da hotuna da bayanai har zuwa shigowar Turawa Kano a 1903. Manyan yara sukan amfana da wannan sosai, ƙanana kuwa ba sa jure tsayuwar sauraro, don haka gara a raba su gida biyu tun daga bakin ƙofa.

Batun lokaci ba shi da wahala. Mu da ba mu ɗaure da jadawalin makaranta ba muna da damar fita a tsakiyar mako, sa'ad da wurare ba su cika ba. Alhamis ta fi dacewa da gidajen da yaransu ke zuwa makarantar allo, tunda ranar hutu ce, Juma'a kuwa ba ranar shiga cikin gari da yara ba ce saboda cunkoson masallaci. A bar gida da sassafe, a dawo kafin rana ta take. Hawan Dutsen Dala a zafin Maris ko Afrilu wahalar da yara ne, an fi jin daɗinsa bayan ɗaukewar damina, kafin hazon hunturu ya rufe gari.

Kuɗi da rabon aiki su ne suke kashe irin wannan haɗin kai, kuma a nan ne nake roƙon iyaye su faɗa wa juna gaskiya. Idan aka bar mace ɗaya da neman mota da tattara kuɗi da kiran waya da dafa abinci, za ta yi sau biyu ko uku ta gaji, tafiyar kuma ta mutu ba tare da kowa ya ce a daina ba. Abin da ya fi ɗorewa shi ne shirin ya riƙa zagayawa gida-gida, a kuma riƙe ƙaramin asusu da ake zuba masa kuɗi kowane wata, ta yadda gidan da ya shiga matsi a wani watan zai turo yaransa ba tare da an san halin da yake ciki ba. Iyaye maza su ma dole ne su fito, ba su tsaya ga biyan kuɗin mota ba. Rijiyoyin karofi a buɗe suke kuma suna da zurfi, titunan cikin gari cike suke da A Daidaita Sahu, don haka kowane babba ya san sunayen yaran da ke hannunsa, a ƙirga su lokacin shiga mota da lokacin sauka, a kuma tambayi kowace uwa ko ɗanta yana da asma ko sikila kafin a tashi.

Bayan mako guda mukan taru a gidan wanda ya shirya fitar, kowane yaro ya miƙe ya faɗi abin da ya gano, wani da zane, wani da rubutu, wani da ƙyallen da ya gwada rinawa a roba. A wannan zaman ne ake zaɓar wuri na gaba, kuma yaran suna da bakin magana a ciki. Manyansu sun nemi a kai su Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, mutumin da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909, domin suna son su ji yadda aka fara irin karatun da su suke yi a gida.