Sifanar awon ɗauri: ƙarar da ba a ji a Nm 5

Hannun da ya saba da kekunan Raleigh da Phoenix ba ya sanin ƙarfinsa. Ƙarfe ne zalla, ka ɗaure noti har ya yi kuka, babu abin da zai same shi. Kekunan tsere na gwanjo masu kabon (wani abu mara nauyi da ake amfani da shi a madadin ƙarfe) kuwa ba sa yafiya, shi ya sa na sayi sifanar awon ɗauri mai ƙara, wadda ke yin "ƙas" in ɗauri ya kai lambar da aka saita. Duk da haka sandar sirdi ta kabon ta tsage a hannuna, kuma har yau abin yana ci mini rai, don sifanar na saita daidai.

Ga inda matsalar take. Nm (Newton-mita) shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri. A Nm 40, wato ɗaurin zoben da ke riƙe haƙoran giyar baya, sifanar tana yin "ƙas" har na gefenka ya ji. A Nm 5 ba ta da wannan ƙarar. Kanta ne kawai zai ɗan karye kaɗan a tafin hannunka. In kana jiran kunne ya gaya maka, ka wuce, kuma sifanar ba ta tsayawa da kanta: ka ci gaba da murɗawa, ita ma ta ci gaba. Yanzu kafin in taɓa kabon sai na gwada ta a wani notin da ya ɗauru tamau, don hannu ya tuna motsin. Ja ɗaya a hankali, a riƙe ta daidai wurin riƙo, ta karye sau ɗaya a bari. Masu ƙara dannawa "don tabbatarwa" ƙara ɗauri suke yi.

Babbar sifanar makanikan mota ba ta wannan aikin. Ana buƙatar ƙarama mai awon Nm 2 zuwa 14, babba kuma sai feda da zoben giya.

Lambar da aka rubuta a jikin maɗaurin sandar sirdi, galibi Nm 4 zuwa 6, iyaka ce, ba dole a kai ta ba. In sirdi yana zamewa, maganin ba ƙarin ɗauri ba ne. Man kabon mai tsaki-tsaki ake shafawa a sandar, sai ta riƙe a Nm 4. Da na san haka da sandar nan tana nan. Giris a zaren noti shi ma yana sa lamba ɗaya ta matse fiye da busasshe, don haka a bi abin da kamfanin ya ce.

Notuna huɗu na gaban kan keke a bi su a gicciye, kaɗan-kaɗan, tazarar sama da ƙasa ta murfin da suke matsewa ta zo ɗaya sai in an rubuta akasin haka. Biyun da ke hannun feda na Shimano samfurin Hollowtech II, Nm 12 zuwa 14, ana yi ana komawa, don ɗaure ɗaya yana sassauta ɗan'uwansa.

Ba a kwance noti da ita. In an gama a mayar da awon ƙasa, kada sifirin ɗin ciki ya gaji.