Gudan jini a ƙafa bayan tiyatar ƙugu

Ranar da aka sallami mahaifiyata daga asibiti, bayan an sauya mata gaɓar ƙugu, mun ɗauka wahala ta ƙare. Likitan kuwa ya dube ta ya ce, "Hajiya, ciwon zai warke, amma abin da nake tsoro shi ne jini ya daskare a jijiyar ƙafarki."

Sai daga baya na fahimci dalilinsa. Abubuwa uku ne ke haifar da gudan jini, waɗanda ake dangantawa da Rudolf Virchow, likitan Jamus na ƙarni na 19, kuma tiyatar ƙugu tana haɗa su gaba ɗaya: ana murɗa ƙafar yayin aiki har babbar jijiyar cinya ta lanƙwashe, jiki yana ƙara wa jini saurin daskarewa domin ya toshe rauni, sannan majinyaci ya kwanta, naman sharaɓa da ke tura jini sama ya daina aiki. Haɗarin bai tsaya a asibiti ba, yakan kai kusan wata uku, shi ya sa ake ba da maganin tsinka jini, allurar enoxaparin ko ƙwayoyi irin su rivaroxaban da apixaban, har zuwa kwana 35.

A ganina, tausayinmu ne ya fi zama barazana gare ta. Duk lokacin da ta miƙa hannu ga sandar tafiya, sai ɗayanmu ya ce, "Mama, ki kwanta ki huta," alhali tafiyar nan, da motsa idon sawu sama da ƙasa, da safa mai matse ƙafa, su ne kariyarta. A mako na uku ma ta so ajiye maganin, wai ta ji sauƙi.

Wata safiya sharaɓarta ta hagu ta kumbura, ta yi zafi. Ƙanwata ta ɗauko mai za ta yi mata tausa, na riƙe hannunta na hana ta, domin an gargaɗe mu cewa gudan yana iya ɓallewa ya bi jini zuwa huhu, abin da ke zuwa da sarƙewar numfashi, ciwon ƙirji ko tarin jini, kuma yana kisa. Muka koma asibiti, hoton jijiyar ƙafar da aka ɗauka ya nuna ƙaramin guda a ƙasan gwiwa, aka ƙara ƙarfin maganin, aka ce ta sha na wata uku, kuma ta ci gaba da tafiyarta.