Na bar shagon gwanjo, ga abin da na kwaso

Ƙarshen watan da ya wuce na ajiye aiki a shagon, waɗanda suka san mu a Instagram sun san wane shago nake nufi ba sai na kama suna ba. Mutane suna ta kirana wai me ya haɗa ni da Hajiya mai shagon, to bari na rubuta sau ɗaya kowa ya huta, ko wata mai shirin shiga wannan sana'ar za ta amfana.

Aikina kun san shi, ni ke sammakon kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ranar da za a fasa dila, wato ƙunshin kayan gwanjo, ni ke zaɓe, ni ke haɗa kaya a jikin manikin a ɗauki hoto. Abin da ya raba mu baje kolin masu zanen kaya ne da aka gayyace mu a Abuja. Da takardar ta zo Hajiya ta ce "ke Allah ya ba ki ido, haɗa mana abin da zai fitar da mu kunya", ni kuma na ɗauki maganar da gaske. Na tara wandunan jins na maza waɗanda gwiwarsu ta mutu ba mai saye, na farke su, na ware wuraren da ke da sauran ƙarfi, na haɗa da fararen rigunan ofis da na kai marinar Ƙofar Mata aka tsoma su a baba. Duk wanda ya taɓa kai rini can ya san ba abin gaggawa ba ne, a tsoma a ɗaga ya sha iska a sake tsomawa, tun yana kore-kore har shuɗin ya kama, kuma rigar da ke da roba a zarenta ba ta shan baba sai auduga zalla, dole sai da na bi kowace riga ina duba tambarinta. Da su na ɗinka jaket masu tsawo da za a iya ɗorawa a kan abaya, na sa wani mai ɗinkin hannu ya yi min aska biyu, adon nan na babbar riga, a ƙirjin ɗaya daga ciki. Wallahi sun yi kyau, wannan ko maƙiyina ba zai musa ba.

Daren da za mu tafi na rubuta ɗan kati da za a rataya a jikin kowace jaket, daga wane irin kaya aka yi ta, a ina aka rina, wa ya ɗinka. Hajiya ta karanta ta yage. Wai so nake na zubar mata da mutunci a gaban manyan mutane, a ce Hajiya guda ta kwaso tsumma ta kawo Abuja. Ta sa aka buga wani katin, yadin waje, da sunanta ita kaɗai.

Muna shiga wurin na san an yi asara. Tebur ɗin da ke kusa da namu wasu samari ne daga Legas, sun rataye tsohon wandon a gefe da jakar da suka yi da irinsa, sun rubuta ɓaro-ɓaro cewa a kasuwar Katangowa suka sayo, kuma kuɗin da suka sa ya fi namu nesa ba kusa ba, mutane na tsaye suna ta ɗaukar hoto. Ɗaya daga cikinsu ne ma ya nuna min aikin Nkwo Onwuka a wayarsa, matar da ke yanka tsofaffin jins siri-siri ta haɗa su su zama sabon yadi da ta sa wa suna Dakala, da wannan aka san ta har a waje. Wata 'yar Ghana kuma hotunan kasuwar Kantamanto ta Accra ta liƙa a bango, wadda gobara ta cinye kaso mai yawa nata a Janairun 2025, tana bayanin yadda kaya masu yawa a cikin dila ba sa sayuwa sai su ƙare a bola da bakin teku. Kowa asalin kayansa yake tallatawa, mu kaɗai muka zo muna ɓoyewa.

Can da yamma wata mata mai shago a Legas ta ɗauki jaket ɗin mai aska, ta juya cikinta, ta ga shatin tsohon aljihu inda launin bai koɗe ba, ta yi murmushi ta ce wannan ai daga tsohon wando ne ko? Da fara'a fa ta tambaya, so take ta saya da yawa. Hajiya ta ce a'a sabon yadi ne. Matar ta nuna mata shatin. Sai Hajiya ta juyo kaina a gaban jama'a ta ce "yarinyar shago ce, na ba ta kuɗin yadi ashe gwanjo ta je ta kwaso, ki yi haƙuri". Ni da ban taɓa riƙe mata naira ɗaya ba. Na ce "Hajiya ki ji tsoron Allah", iya abin da bakina ya iya furtawa kenan, matar ta ajiye jaket ta wuce.

Ba wai tsoronta ba shi da dalili ba. A Kano mun san kwastomar da za ta ce a kawo mata kaya bayan magariba kar maƙota su gani, da wadda za ta ce a cire tambarin a goge a sa a leda mai kyau. Kayan ma a takarda hukumar kwastam ta hana shigo da su, ta Kwatano suke biyowa, shi ya sa sana'ar ta saba da ɓoye-ɓoye. Amma jin kunyar gwanjo daban, ɗora wa yarinyar da ke ƙarƙashinka sata don ka tsira daban.

Sauran abin da na koya ba su da yawa. Duk abin da hannunki ya ɗinka ki ɗauki hoto da wayarki tun yana kan keke. Maganar suna da kamasho a gama ta kafin a shiga mota. Ki duba hammata da zif kafin ki duba launi. Warin dila rana ce maganinsa, turare ƙara dagula shi yake.

Yanzu ina gida da kekena, oda na shigowa kaɗan-kaɗan alhamdulillah, kuma katin nan da aka yage shi nake ratayawa. Shekaranjiya wata ƙawata ta turo min shafin shagon, an sake ɗora jaket ɗin nan, an rubuta "tsofaffin kaya da muka sabunta da hannunmu don kare muhalli", an ninka kuɗin. Kuɗin motata na dawowa daga Abuja dai har yau ba a ba ni ba.