Laraba a Birnin Kebbi: muryar Malam ta ƙi buɗewa a wayar Kawu

Ko karin kumallo ban yi ba Kawu ya kira daga Jega. Muka gaisa, ya tambayi Inna da zafi, sannan ya ce, "Ɗana, wanga abu da ka aiko bai buɗewa ga wayata. Na taɓa shi, sai ya riƙa saukowa, ya cinye min data, kuma ban ji komi ba." Na ce Allah ya huci zuciyarka Kawu, a ba ni zuwa la'asar. Ya ce ba komai, amma na ji a muryarsa tun jiya yake ɗokin ji.

Abin da na aika masa gefen farko ne na kaset na farko cikin kasa-kasan tafsirin marigayi Malam, mahaifin Inna. Guda 63 muka samu a cikin wata tsohuwar adaka, mafi tsufa an rubuta 1987 a jikinsa da biro. Malam ya yi karatu a Gwandu, kuma a tafsirinsa na azumi yakan jawo bayani daga Diya'ut Ta'wil na Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo. Wata biyu ke nan ina juyar da su zuwa kwamfuta, gefe ɗaya bayan ɗaya, ko wane gefe minti 45. Ina fitar da kwafi biyu. Babban, wanda ban taɓa ingancinsa ba, yakan kai megabait 450. Ƙaramin MP3 ne na sauraro a waya, bai wuce megabait 22 ba. Dukkansu ina tura su rumbun Amazon S3, wurin ajiyar fayiloli a intanet, ta wani ɗan shiri da na rubuta da Python, don kada wata rana kwamfutar nan ta mutu ta tafi da su.

Da na zauna na duba, nan take na ga laifina. Na tura fayil ɗin ban faɗi ko mene ne shi ba. Rumbun nan bai san sauti ba, bai san hoto ba, bai damu da cewa sunan ya ƙare da mp3 ba. Abin da ka gaya masa lokacin turawa, shi yake maimaitawa ga duk wanda ya zo ɗauka. Idan ka yi shiru sai ya liƙa masa binary/octet-stream, wato tarin bayanai ne kawai marasa suna. Wayar Kawu ta karɓi wannan amsa ta yi abin da ya dace da ita: ta sauke shi ta ajiye a wani lungu da bai san hanyarsa ba. Abin da ya ruɗe ni, a gwajin farko na yi amfani da manhajar umarni ta AWS, wato sashen Amazon mai rumbun, wadda take hasashen nau'in fayil daga sunansa. Shi kuwa boto3, kayan aikin Python na magana da rumbun, wanda shirina yake tafiya a kai, ba ya wannan hasashe. Layi ɗaya ne ya rage, a sa ContentType, wurin faɗin nau'in fayil, ya zama audio/mpeg.

Gabana ya faɗi da na tuna akwai fayil 34 da suka riga suka tafi a haka, domin ba a gyara bayanin fayil bayan ya shiga rumbu. Amma ana iya kwafar fayil a kan kansa tare da umarnin a musanya bayanan, kuma kwafar tana faruwa can wajensu, ba ta bi ta layina. Cikin 'yan mintuna duk suka gyaru, data ta ba ta ko girgiza ba. Na yi hamdala.

Wajen ƙarfe goma aka ɗauke wuta. Batirin kwamfutar ya tsufa, bai kai rabin sa'a ba ta mutu, babban fayil yana tsakiyar tafiya. Na fita na sayo ƙosai a bakin titi, na biya shagon cajin wani abokina da yake da sola, ya ba ni benci da soket. Zafin bana ba a magana. Ko iskar da take shigowa ta ƙofa kamar daga bakin murhu take.

Da na kunna, komai ya ƙi. Duk buƙatar da na aika sai a dawo min da RequestTimeTooSkewed. Ƙaramin batirin da yake riƙe agogon kwamfutar ya mutu tuntuni, don haka duk lokacin da ta mutu gaba ɗaya agogon yakan ɓata. Ko wace buƙata tana tafiya da sa hannu mai ɗauke da lokaci, kuma idan agogonka ya saɓa da nasu da fiye da minti 15 ba su karɓa. Na daidaita agogo, aka wuce wurin. Gobe in sha Allahu zan nemo batirin a kasuwa.

Inda na daɗe yau shi ne maganar manyan fayiloli, kuma a nan ne na fi jin cewa waɗanda suka tsara kayan aikin nan ba da irin layinmu suka auna ba. Ba aibu ba ne, kowa da inda yake zaune, shi ya sa suka bar ƙofar canzawa. A yadda boto3 yake zuwa, duk fayil da ya kai megabait 8 yakan yanka shi gunduwa-gunduwa, ko wace megabait 8, ya tura guda 10 a lokaci ɗaya. Ga mai layi mai ƙarfi wannan gudu ne. Ni da nake jona kwamfuta da wayata, gunduwa goma suna rububin ƙofa ɗaya, ko wacce tana jan ƙafa, har a kai inda haɗin zai yanke a sake daga farkon gunduwar. Na mayar da su biyu a lokaci ɗaya, na rage girman zuwa megabait 5, wanda shi ne mafi ƙanƙanta da ake karɓa in ban da gunduwar ƙarshe. Fayil mai megabait 450 ya zama gunduwa 90 ke nan. Iyakar da aka yarda 10,000 ce, ko kusa ban je ba. Na ƙara lokacin jiran amsa daga daƙiƙa 60 zuwa 180, na ƙara yawan sake gwadawa. Bai fi sauri ba, amma ya daina faɗuwa, kuma idan sabis ya ɗauke abin da zan yi asara bai wuce megabait 10 ba.

Sai dai wannan bai magance ɗaukewar wuta ba. Hanyar turawa mai sauƙi ba ta tuna inda ta tsaya. In shirin ya mutu, kana sake kunnawa daga sifili za ta fara. Jiya da shekaranjiya na ƙona data mai yawa a haka ban ankara ba. Don haka na zauna a shagon nan na sake rubuta wannan sashe da hannu: in buɗe turawar, a ba ni lambar shaida, in rubuta ta a wani ɗan fayil a kwamfuta, in riƙa tura gunduwa ɗaya-ɗaya. In an katse, da na dawo sai in tambayi rumbun waɗanne gunduwoyi ne suka iso ƙarƙashin wannan lamba, in ɗora daga nan. Na gwada da gangan, na kashe wayar a gunduwa ta 12, na kunna, ya tashi daga ta 13. Abokina yana ta tambaya me ya sa nake murmushi ni kaɗai.

A nan kuma na gano wani abu da ya dame ni. Gunduwoyin da aka tura ba a kammala ba, ba sa bayyana a jerin fayiloli, amma suna nan a rumbu kuma ana cajin kuɗinsu. Da na nemi jerinsu na tarar da turawa bakwai a rataye, duk na ranakun da kwamfuta ta mutu kafin ta ce a soke. Kuɗin ba yawa, amma da dala ake biya, kuma kuɗin na dangi ne da aka haɗa aka ba ni amana. Na share su, na kafa ƙa'ida a bokitin, wato ma'ajiyata a cikin rumbun, cewa duk turawar da ta kwana bakwai ba a kammala ba a soke ta.

Na yi azahar a masallacin unguwar, na koma gida na tarar an kawo wuta. Inna ta ajiye min shinkafa da wake.

Bayan na ci ne na shiga abin da ya fi taɓa ni yau. Ina son ko wane fayil ya tafi da ɗan bayaninsa: sura, shekara, garin da aka yi karatun, da wanda ya ja baƙi. Akwai wurin da aka tanada don haka, mai ɗaukar kilobait 2. Na rubuta "Suratul Baƙara, mai jan baƙi ɗan'uwansa", sai shirin ya tsaya cak ya ce akwai haruffan da ba ya karɓa. Ƙ da ɗ ne. Bayanan nan suna tafiya ne a kan goshin buƙatar, inda tsohon tsarin haruffan Turanci kawai ake ɗauka. Sunan fayil ɗin kansa yana karɓar haruffanmu lafiya lau, amma wannan wuri a'a.

Hanya mai sauƙi ita ce in cire lanƙwasa in rubuta k da d, kamar yadda muke yi a saƙon waya. Na yi minti kaɗan ina duban allon, na ga ba zan iya ba. Malam mutum ne da yake tsayar da almajiri a kan harafi ɗaya har sai ya fito daga mafitarsa. Inna ta sha ba mu labarin yadda yake cewa wanda bai bambanta baki da baƙi ba bai fara karatu ba. In ajiye karatunsa na shekaru in rubuta "mai jan baki", wannan ba daidai ba ne, ko da ba wanda zai gani sai ni. Maganin ma ba wuya: ana juya harafin zuwa lambobinsa kafin a tura, ƙ ta zama %C6%99, ɗ ta zama %C9%97, in an ɗauko a mayar. Haka na yi wa sunan da fayil zai ɗauka idan mutum ya sauke shi a waya. A ContentDisposition, wurin da ake rubuta wannan suna, ana iya ba da suna biyu, ɗaya marar lanƙwasa don tsofaffin burauza, ɗaya cikakke da aka juya, kuma sababbi na biyun suke ɗauka. Na sauke a wayata don gwaji, na ga "Baƙara" da ƙugiyarta. Kusan sa'a biyu ya ci min, ban ji asara ba.

Sauran na bi su da sauri. Manyan fayilolin na sa su tafi ajin Glacier Deep Archive, mafi araha, tunda ba sauraronsu za a riƙa yi ba. Sharaɗinsa a biya kwana 180 ko da an goge kafin nan, kuma ɗaukowa takan kai sa'a 12, duk na yarda. Na sa a riƙa lissafa hatimin SHA-256 na ko wace gunduwa, ta yadda in ta lalace a hanya za a ƙi ta maimakon a ajiye gurɓatacciya. Maganar ɓoye bayanai ban taɓa ba, tun Janairun 2023 duk abin da ya shiga S3 a kulle yake shiga. Na kuma ƙara sharaɗin If-None-Match, wanda yake hana a rubuta sabon fayil a kan wanda yake da suna iri ɗaya. Dalili kuwa, makon jiya na ba gefe biyu suna ɗaya, na biyun ya danne na farko ba ko gargaɗi, sai da na sake juyar da kaset ɗin.

Abu ɗaya ne ban yanke ba. Bokitin a rufe yake, haka sababbi suke zuwa tun Afrilun 2023, don haka linkin da nake aika wa dangi mai sa hannu ne, kuma mafi tsawon ransa kwana bakwai. Kawu yana son a buɗe wa kowa, ya ce ilimi ba a kulle shi. Inna kuma ta ce a wasu kasa-kasan Malam yana amsa tambayoyin mutane da sunayensu, har da na aure da gado, kuma 'ya'yansu suna raye. Ina ganin gaskiyar Inna ta fi ƙarfi a waɗannan, amma ba ni zan yanke ba. Ranar Juma'a za su zauna da Yaya.

Bayan la'asar na aika wa Kawu sabon linki. Bai kira ba sai bayan magariba. Ya ce ya buɗe da taɓawa ɗaya, ya saurara a ƙofar gida, har maƙwabcinsa ya tsaya ya ce wannan ai muryar Malam ce. Ya ce akwai inda Malam ya yi tari ya nemi ruwa, kuma shi ne yaron da ya kawo ruwan. Ya yi shiru, ni ma na yi shiru. Sannan ya ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗana. Na biyun fa?"

Inna ta karɓi wayata ta shiga ɗaki da ita, har yanzu ba ta fito ba, don haka da wayar ƙanwata na jona kwamfutar. Ƙarfe goma sha ɗaya saura, layin ya fi sakewa da dare. Gefe na biyu na kaset na 17 yana gunduwa ta 41 cikin 90. Na 18 zarensa ya tsinke kusa da farko, na ajiye shi a kan tebur da ƙaramin sukundireba da salatif, da safe zan buɗe shi.