Abin da karkarwar layin Dst ta koya min

Duk wanda ya taɓa zama da bayanan Dst zai lura layin nan ba ya tsayawa wuri ɗaya, kullum cikin karkarwa yake ko da rana ta yi shiru. Dst dai ma'auni ne na sauyin ƙarfin maganaɗisun duniya da cibiyar Kyoto a Japan ke fitarwa duk awa, daga tashoshi 4 wato Honolulu da San Juan da Hermanus da Kakioka, in guguwar maganaɗisu ta taso sai lambar ta nutse ƙasa saboda lantarkin da ke kewaye duniya kamar zobe ya ƙara ƙarfi. A Maris 1989 har -589 nanotesla (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) ta kai, lokacin ne wuta ta ɗauke a Quebec wajen awa 9.

Yawanci ido wajen ramin nan mai zurfi yake tafiya, ƙananan karkarwar kuma a ce hayaniya ce kawai. To ni a karatuna cikin hayaniyar na samu abin da ya fi riƙe ni. Ka ɗauki SYM-H, ɗan'uwan Dst da ake aunawa duk minti, ka zana na sati guda, ka zana na kwana ɗaya, sannan na 'yan awoyi, ka goge lambobin gefe, wallahi da wuya ka ce ga wanne ne wanne. Wannan kamannin shi ake kira firaktal, kuma ana auna shi da lambar Hurst, mutumin da ya fito da ita a 1951 yana nazarin cikar kogin Nilu. In ta haura 0.5 to abin da ya fara sauka yakan ci gaba da sauka, in ta gaza haka sai ya riƙa juyowa yana gyara kansa. Balasis da abokan aikinsa a 2006 sun nuna lambar Hurst ta Dst tana ƙetara wannan iyakar zuwa sama a kusa da manyan guguwa, kamar dai garkuwar maganaɗisun duniya ta sauya hali gaba ɗaya.

Daga nan sai maganar tarin yashi na Bak da Tang da Wiesenfeld a 1987: kana zuba ƙwaya ɗaya ɗaya har tarin ya kai gejin da ƙwaya guda za ta iya jawo zaftarewa ƙarama ko babba, ƙananan da yawa, manyan jefi-jefi, babu wani girma da za ka ce shi ne na kullum. Tom Chang a 1992 ya ce wutsiyar garkuwar, ɓangaren da ke bayan duniya ta gefen da ba ya fuskantar rana, mai yiwuwa haka take aiki, Uritsky kuma a 2002 ya ga irin wannan rabon a hotunan aurora, wato hasken da ke bayyana a sama kusa da ƙarshen arewa da kudu na duniya, da tauraron ɗan Adam Polar ya ɗauka. Gaskiya tunanin yana da daɗi ƙwarai, har yanzu yana burge ni.

Amma fa inda na fi koyon darasi shi ne wajen taka-tsantsan. Ka zana girman fashewa da yawansu a ma'aunin log, inda kowane taki ninki goma ne, ka ga miƙaƙƙen layi, zuciya sai ta yi saurin cewa shi ke nan an kama halin tarin yashin, alhali abubuwa da yawa suna ba da layi mai kama da miƙaƙƙe in zangon gajere ne, sannan guguwa ɗaya 'yan kwanaki ce, a Dst na awa-awa ɗigo nawa ma ka samu da za ka gina magana a kai? Ga kuma tambayar da ta fi damuna: tsarin nan na garkuwar ne ko daga waje aka kawo mata? Freeman da Watkins da Riley a 2000 sun samu irin wannan rabon a cikin iskar rana kanta, wato ƙwayoyin lantarkin da rana ke fesowa, tun kafin ta iso gare mu.

Shi ya sa yanzu ba na buɗe SYM-H shi kaɗai. Sai na ajiye bayanan tauraron ɗan Adam ACE mai auna iskar rana a gefensa, wanda ke zaune wajen kilomita miliyan 1.5 ta ɓangaren rana, in duba lokacin da Bz, wato ɓangaren arewa-kudu na maganaɗisun iskar, ya juya kudu da tsawon zamansa a can, in yi wa duka biyun lissafi iri ɗaya da zangon lokaci iri ɗaya, sai abin da ya rage bayan an cire na iskar nake yarda in jingina wa garkuwar.