Addu'a da takardar bashi: wani yini a Damagaram

Alhamis, ranar kasuwar Dole, tsakiyar watan Agusta.

Yau hidimar kwamitin taimako na ikilisiya ta kai mu, ni da wani dattijo abokin aikina, gidan wani tela ɗan'uwanmu. Sunansa da unguwarsa sun zauna a wurinmu. An kwana biyu ba a gan shi a sujada ba, sai matarsa ta shaida wa shugabar zumuntar mata cewa maigida ya bar cin abinci, ba ya barci, da an buga ƙofa sai ya ce a ce ba ya nan. Ina rubuta yadda muka bi da abin daki-daki saboda masu irin wannan hidima, don a watan nan rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai iso ba, irin wannan kira ya kan yi yawa.

Abinci ya riga mu isa. Tun da asuba aka kai wa matar tiya 10 ta hatsi, tiya 2 ta wake, litar mai da sabulu, ta hannun mace ƴar'uwarta, ba a idon maƙwabta ba. Buhu mai kilo 100 tiya 40 ne, gida mai mutum 7 yana cin kamar tiya ɗaya da rabi a yini, ke nan tiya 10 ta kai mako. Hatsi muke kaiwa, domin kuɗin da ya shiga hannun mai bashi, wanda ya fara buga ƙofa shi ke tafiya da shi, yara su kwana da yunwa. Wasiƙar Yaƙub 2:15-16 ta riga ta tsawata wa mai sallamar mayunwaci da fatan alheri kawai. A 1 Sarakuna 19 kuma, sa'ad da annabi Iliya ya zauna a jeji yana roƙon mutuwa, mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, ya bar shi ya koma barci, ya sāke ba shi abinci. Maganar Ubangiji ta zo daga baya, can a dutsen Horeb, bayan tafiyar kwana 40.

Da hantsi muka shiga, muka gaisa, aka dama fura, muka tabbata shi ma ya sha. Sannan muka yi shiru. A nan ne masu ziyara suka fi ɓata aiki. Mutum bai gama buɗe baki ba an jefa masa Filibiyawa 4:19, ko a tambaye shi ko yana fitar da zakka, ko akwai zunubin da ya ɓoye. Ayar gaskiya ce, amma kunnen da ya cika da muryar masu bin bashi yana jin ta kamar tuhuma. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana 7 ba su ce uffan ba, a nan suka kyauta. Da suka shiga neman laifinsa, Allah da kansa ya tsawata musu a sura ta 42.

Ya ba da labarinsa a hankali. Tun rufe iyaka da Najeriya bayan juyin mulkin Yuli 2023, da yadi da zaren Kano suka yi tsada, jarinsa bai koma daidai ba. Sai mahaifiyarsa ta yi doguwar jinya ta rasu. Daga nan bashi ya hau kan bashi, har ya ba da keken ɗinkinsa jingina. Can sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, gara in kwanta kada in tashi.”

Wannan magana ba a wuce ta da “haba, daina faɗin haka.” Na dube shi na ce, “Ɗana, kana tunanin kashe kanka ne?” Mutane suna tsoron tambayar, suna ganin za ta sa masa tunanin a rai. Ba ta sawa. Wanda abin ke zuciyarsa sauƙi yake ji da ya sami mai tambaya. Ya ce tunanin yana zuwa masa da dare, amma bai shirya kome ba. Muka tambaye shi ko akwai maganin ƙwari a gidan, ya ce akwai kwalbar fiya-fiya, dattijo ya karɓe ta da yardarsa. Ƙanensa zai riƙa kwana a gidan. Gobe da safe za a raka shi ya ga likita a asibiti, domin rashin barci, rashin cin abinci da fid da rai da suka wuce mako 2 ciwo ne da ake magani, kamar yadda muke kai mai zazzaɓi asibiti muna kuma yi masa addu'a. Da ya ce ya tsara hanya ko ya sa rana, da yau ɗin nan za a tafi, ba a bar shi shi kaɗai ko na minti ɗaya ba. Na karanta masa 2 Korintiyawa 1:8, inda manzo Bulus ya ce wahalar da ta same su a Asiya ta fi ƙarfinsu har suka fid da zuciya ga rayuwa. Ya ɗago kai ya ce bai taɓa lura da wannan ayar ba.

Bayan azahar muka ɗauko takarda, matar ma ta zauna, don rabin bashin ba ta san da shi ba. Kafin mu rubuta na tambaye shi nawa yake zaton ana bin sa, ya ce ya fi jika 400. Muka bi ɗaya-ɗaya: sunan mai kuɗi, nawa ne, yaushe aka ci, da ruwa ko babu. Hayar gida wata 4, jika 48. Mai kanti jika 23. Adashin da ya kwasa bai gama zubi ba, jika 30. Jinginar keke jika 40. Kuɗin yadin mutane da ya taɓa, jika 15. Sai wani mai ba da rance da ruwa, jika 50. Jimla jika 206, wato sefa 206,000. Kuɗi ne mai nauyi, amma rabin abin da ke hana shi barci ne. Dattijo ya ce masa bashi hanji ne, yana cikin kowa, kada kunya ta rufe shi a ɗaki.

Rancen nan mai ruwa shi ya fi cin raina. Jika 5 yake biya kowane wata, wata 8 ke nan, ya ba da jika 40 uwar kuɗin ba ta motsa ba. Kashi 10 cikin 100 a wata, 120 ne a shekara. Iyakar ruwan da aka sa wa asusun ƙananan rance a ƙasashen sefa na yammacin Afirka a 2014 kashi 24 ne a shekara. Wannan ya ninka ta sau 5.

Muka buɗe 2 Sarakuna 4:1-7, labarin gwauruwar da mai bashi zai kwashe ƴaƴanta biyu. Elisha ya tambaye ta abin da take da shi a gida, ta ce sai ɗan mai a tulu. Da Allah ya yawaita man, umarnin annabin a fili yake: ta sayar, ta biya bashi, su ci saura. Abin da telan nan yake da shi hannunsa ne da kekensa, saboda haka keke ne na farko a layi. Asusun ikilisiya zai fanshe shi a matsayin rance marar ruwa. Kuɗin ba zai bi ta hannunsa ba, mutum biyu za su kai wa mai riƙe da keken, a rubuta, a sa hannu. Ɗinkin kayan ƴan makaranta yana gab da farawa kafin komawar Oktoba, Kirsimeti na biye. In aiki ya tafi yana samun jika 3 zuwa 4 a yini, zai ware jika 1 kullum a hannun matarsa, jika 26 ke nan a ranakun aiki na wata. Jika 10 ga uwar rancen, 6 ga tsohuwar haya, 5 ga mai kanti, 5 ga masu yadi, don wannan amana ce, tela kuwa da amana yake ci. Da an gama da ɗaya, kasonsa ya koma kan adashi, na ikilisiya ya zo a ƙarshe. A lissafi wata 8 ne. Na faɗa masa ya sa rai da shekara, saboda ciwo da ranakun da babu aiki.

Sai muka durƙusa, takardar tana hannunsa. Na fara da Zabura 13, wadda ke tambayar Allah har yaushe, don ya ji cewa kuka ma addu'a ne. Sannan na yi roƙo kamar haka:

“Ya Ubanmu na Sama, ga bawanka, ga takardar nan, ka riga mu sanin abin da ke cikinta. Ya gaji, ya Ubangiji, har ya rasa abin da zai ce maka. Bari Ruhunka ya yi roƙo dominsa. Ka ba shi barci a daren yau, ka kawar da tunanin mutuwa daga zuciyarsa. Ka ba gidan nan abincin yini. Ka tausasa zuciyar masu bin sa, ka ba su haƙuri, ka kuma biya musu nasu bukatu. Ka sa albarka a keken nan, ka kawo masu ɗinki. Inda ya taɓa amanar mutane ka gafarta masa, ka ba shi ikon mayarwa. Mu ma da muka zo, kada ka bar mu mu manta da shi bayan yau. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.”

Ban yi masa alkawarin rana ko watan da kome zai warware ba. Na ga irin ɓarnar da wannan ke yi: a ce wa mutum cikin kwana 7 zai ga al'ajabi, kwanakin su wuce, ya ɗauka Allah ya yashe shi ko bangaskiyarsa ce ta gaza. Na kuma hana shi tura ko dala ga masu saƙon WhatsApp da ke cewa a aiko kuɗi don a karya bashi. Ya taɓo zancen tafiya arewa ta Agadas neman kuɗi. Dattijo ya tuna masa da mutum 92, akasari mata da yara daga wajen Kance, da ƙishirwa ta kashe a hamada kan hanyar Aljeriya a Oktoba 2013. Kuɗin motar ma wani sabon rance ne.

Da la'asar sakaliya muka raka shi wurin masu kuɗi, don mai bashin da ke ɓuya yana fusata mai bin sa fiye da bashin kansa. Shi ya yi magana da bakinsa, mu shaidu ne kawai. Mai kanti, maƙwabcinsa Musulmi, ya ce addininsu ma ya ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ya yarda da jika 5 a wata, ya ce Allah ya hore. Mai gidan haya ya yarda, da sharaɗin kada hayar sabon wata ta makara. Uwar adashi, zumuntar mata za su same ta ranar Asabar.

Mai rance da ruwa bai amince ba. Mun roƙe shi ya tsayar da ruwan, a riƙa sare jika 10 daga uwar kuɗi har wata 5. Ya ce zai yi shawara, mu dawo Litinin. In ya ƙi, kwamiti zai zauna ya duba ko asusu zai iya ɗaukar jika 50 ɗin gaba ɗaya, ko da za a roƙi baiko na musamman ranar Lahadi ba tare da ambaton suna ba. Gobe ƙarfe 7 dattijo zai je da babur ya ɗauke shi zuwa asibiti, daga can su wuce wurin mai riƙe da keke.